SHIN LALATACCEN ALLO KO WAYA NA IYA KASHE KATIN HOTON KWAMFUTA?

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta bar ba da jarrabawar shiga jami'a a kan takarda, ta mai da ita kacokan kan kwamfuta, ɗakin kwamfuta ya zama ɗaki mai daraja a kowace makarantar sakandare. Hukumar WAEC ma ta soma bin sawu a 2024, ta fara da masu zana jarrabawa daga waje. Saboda haka yaron da ya gama aji shida bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya shiga ɗakin jarrabawa da ƙafa ɗaya. Ga shi kuwa a nan ƙasar Mashi kwamfutocin ba su wadace mu ba. In guda ta mutu, ɗalibai da dama ne suka rasa wurin koyo, gyaranta kuma sai an ɗauke ta an kai Katsina ko Daura, wani lokaci ma har Kano.

To, duk ranar da aka kunna kwamfuta allo ya ƙi kawo hoto, tambayar da ake fara yi ita ce, "Wa ya taɓa?" Daga nan sai gardama ta kaure. Wani ya ce wane ne ya sauya waya jiya, wayar ce ta ƙone katin hoto. Wani ya ce a'a, tsohon allon nan da aka jona ne ya kashe shi. Na ga yaron da aka sa shi noman fili mako guda a kan irin wannan zargi, alhali ba wanda ya tsaya ya bincika ko abin da ake faɗi zai yiwu ma. Iyaye kuma a gida sukan biya kuɗin sabon kaya saboda mai gyara ya ce allo ya harbi kati. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu zauna mu warware maganar, mu san inda gaskiya take.

Amsar a taƙaice ita ce: galibi ba ya yiwuwa, amma akwai 'yan hanyoyi da yakan yiwu, kuma abin takaici, waɗannan hanyoyin sun fi samun ƙofa a irin gidajenmu da makarantunmu. Kafin mu kai can, bari mu san su wa ake magana a kansu.

Allon kwamfuta, wanda ake kira monita, ba shi da tunanin kansa. In ka matsa kusa da shi ƙwarai za ka ga hoton ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo kuma yana da 'yan fitilu uku, ja da kore da shuɗi. Haɗuwar hasken ukun nan ita ke ba da kowane launi da ido ke gani. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600 ke nan, kuma ana sabunta su duka sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. In ka buga lissafi za ka samu ɗigo sama da miliyan 124 ake aikawa kowace daƙiƙa. Mai yin wannan gagarumin aiki, watau mai shirya abin da kowane ɗigo zai nuna, shi ne katin hoto. A kwamfutocin masu tace finafinai na Kano, da masu zanen gine-gine, da masu wasannin kwamfuta, katin abu ne mai zaman kansa da ake cusawa a cikin akwati, da fankarsa da komai, kamfanoni irin su Nvidia da AMD ne ke ƙera ƙwaƙwalwarsa. Amma a yawancin kwamfutocin makaranta da na tafi-da-gidanka ba a ware shi ba, yana haɗe da ƙwaƙwalwar kwamfutar, kafar da ake soka waya kuma tana liƙe a jikin babban faifai. Ku riƙe wannan, domin ma'anarsa ita ce in kafar nan ta ƙone a irin kwamfutocinmu, babban faifan ne gaba ɗaya ya sami rauni.

Misalin kati da allo kamar malami ne da ɗalibi a darasin shifta. Malam yana faɗi, ɗalibi yana rubutawa. In ɗalibi ya kurumce, ko alƙalaminsa ya karye, ko ya yi barci, shifta ta lalace, amma malam bai rasa muryarsa ba. Haka nan in gilashin allo ya fashe, ko fitilar bayansa ta mutu, ko layuka suka fito masa, kati bai san ana yi ba, yana nan yana ta aika saƙonsa. Saƙon kuwa ba wani ƙarfi gare shi ba. Wutar da ke cikin soket ɗin bango a Nijeriya bolt 230 ce. Batirin tocila ɗaya bolt ɗaya da rabi ne. Saƙon launi da ke bin wayar VGA kuwa iyakarsa bolt 0.7, bai kai rabin batirin tocila ba. Ko da haƙoran wayar biyu sun taɓa juna, abin da ke gudana bai isa ya ƙona komai ba, an kuma ƙera katin da sanin cewa hakan na iya faruwa.

Tun da na ambaci VGA, bari in gabatar da wayoyin. Ita VGA ita ce mai shuɗin kai, mai haƙora 15 da sukurori biyu a gefe. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da ita a 1987, shekarar da aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, watau tsarar jiharmu ce, ta girmi yawancin malamanmu matasa. Sai HDMI, mai haƙora 19, wadda ta shigo kasuwa a 2003, ita ce kuke gani a bayan talabijin da dikoda. Sai kuma DisplayPort, mai haƙora 20, wadda ƙungiyar masu ƙera kayan hoto da ake kira VESA ta fitar a 2006.

Abin da ya fi tsorata mutane shi ne sauyawar launi, alhali kuwa shi ya fi komai sauƙi. A wayar VGA kowane launi yana da zarensa. In haƙorin kore ya lanƙwashe, ko zarensa ya tsinke a ciki, sai ja da shuɗi su rage, allon duka ya koma ruwan hoda mai shunayya. In shuɗi ne ya ɓata, sai allon ya yi rawaya kamar an zuba masa ruwan kurkum. In ja ne, sai ya koma tsakanin kore da shuɗi. Mai kallo sai ya ce shi ke nan, kwamfuta ta kamu da ciwo, nan kuwa ɗaure sukurori biyun nan kaɗai yakan isa. HDMI da DisplayPort ba haka suke nuna ciwonsu ba, don su da lambobi suke aika saƙo. In wayar ta raunana sai ka ga 'yan ɗige-ɗige suna walƙiya kamar taurari, ko hoto ya ɗauke ya dawo, ko ya ƙi zuwa sam. Duk wannan saƙo ne ya ɓace a hanya. A sauya waya, magana ta ƙare.

Sai dai misalin shiftar nan bai cika ɗari bisa ɗari ba, domin allo ma yakan yi wa kati magana. Da zarar an jona su sai su gaisa, allo ya faɗi sunansa da yawan ɗigonsa da saurin da yake iya ɗauka. Don wannan gaisuwa ta yiwu ko da allon a kashe yake, kati yana tura 'yar wuta ta bolt 5 ta haƙori guda, na 18 a HDMI, na 9 a VGA. Wannan haƙori shi ne wuri na farko da waya kan iya yin ɓarna. In bakin wayar ya murƙushe, har haƙorin wuta ya taɓa ƙarfen jikinta, wutar za ta zube ba shamaki. Masu ƙera kayan kirki sukan sa ɗan fis a wurin, irin wanda yake yanke wuta in ta yi yawa, ya kuma koma daidai in an cire wayar. A kayan arha kuwa wani lokaci ɗan abin yakan ƙone ƙurmus. Ko a nan ma ba katin ne duka ya mutu ba, kafa ɗaya ce ta daina aiki, in akwai wata kafar a gefenta sai a koma can.

DisplayPort tana da nata labarin mai ban mamaki. Haƙorinta na 20 yana ɗauke da wuta bolt 3.3, an tanade ta don 'yan na'urorin da ke juya saƙo daga wata irin waya zuwa wata. Kati yana fitar da wannan wuta, allo ma yana fitarwa. Saboda haka ƙa'ida ta ce wayar da za ta haɗa kati da allo kai tsaye kada ta haɗa haƙori na 20 na wannan gefe da na wancan. Wasu masu ƙera wayoyin arha ba su kula ba, suka haɗa duka ashirin ɗin. Abin da ke biyo baya shi ne allo ya riƙa tura wuta baya-baya cikin kati. Sai ka kashe kwamfuta amma ka ga wata 'yar fitila a cikinta ta ƙi mutuwa, ko kwamfutar ta ƙi tashi sai an zare wayar allo. Ƙungiyar VESA da kanta ta yi gargaɗi cewa irin wannan waya na iya yin lahani. Ga waya sabuwa fil, ba ta tsinke ba, ba ta lanƙwashe ba, amma ita ce mugu.

Yanzu mun zo kan babbar magana, wadda ta fi shafarmu, ita ce maganar wayar ƙasa.

Ku ɗauki filogin kwamfuta ku duba. Ƙafa uku gare shi, irin na Ingila. Biyu na ƙasa su ke kai wuta su dawo da ita. Ta ukun, doguwar nan ta sama, ba ta ɗaukar wuta in komai lafiya. Aikinta shi ne ta haɗa ƙarfen jikin na'ura da ƙasa. In ka buɗe filogi za ka ga zarenta kore da rawaya ne, na wuta ruwan ƙasa, na dawowa shuɗi. A tsofaffin gine-gine kuwa kore ne da ja da baƙi. Zaren nan kore yana bi ta bango har ya kai ga wata sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa a bayan gini. In wuta ta ɓalle a cikin na'ura ta taɓa jikinta, maimakon ta jira mutum ya taɓa, sai ta bi zaren nan da gudu, fis ya yanke, kowa ya tsira.

Mu kuwa me muke yi da ita? Doguwar ƙafar nan in ta karye ba ma damuwa, tun da na'ura na ci gaba da aiki. Wayoyin jona na arha da ake sayarwa a kasuwa, ramukansu uku ne, amma in ka yanka wayar zare biyu kaɗai za ka tarar. Wani ya zura murfin biro a ramin sama don ya buɗe na ƙasa ya cusa filogi mai ƙafa biyu. Wani ma ba filogin, sai ya zura zaren waya tsirara ya tokare da tsinken ashana. Gidaje da yawa ba a taɓa kafa musu sandar ƙasa ba, ƙaramin janareta kuma kusan ba wanda yake haɗa shi da ƙasa.

To, ga abin da ke faruwa a ɓoye. A cikin gidan wutar kwamfuta da na allo akwai wasu 'yan kafasita da aka sa don tace hayaniyar wuta. An haɗa su tsakanin zarurrukan wuta biyu da jikin na'ura, kuma kullum 'yar wuta kaɗan tana tsiyaya ta cikinsu. In akwai wayar ƙasa, tsiyayar tana zubewa ba wanda ya sani. In babu, sai jikin na'urar ya ɗauki kamar rabin wutar bango, watau wajen bolt 115. Yawanta kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ba ta kayar da mutum, amma ita ce ɗan cizon nan da kake ji in ka taɓa bayan akwatin kwamfuta ba takalmi, musamman in daɓen siminti yana da laima. Duk wanda ya taɓa jin wannan cizo a ɗakin kwamfuta ya san abin da nake nufi, har mukan mai da shi abin wasa, a tura sabon ɗan aji ɗaya ya taɓa. Ba abin wasa ba ne, shaida ce cewa ginin ba shi da wayar ƙasa mai aiki.

Yanzu ku ƙaddara kwamfuta tana jone a soket mai wayar ƙasa, allo kuma yana kan wayar jona marar ita. Jikin allo yana kan bolt 115, jikin kwamfuta yana kan sifili. Sai wani ya zo da wayar HDMI ya haɗa su alhali duka suna kunne. A wannan lokaci wayar hoto ita ce kaɗai hanyar da wutar za ta bi. Masu ƙera wayar sun yi dabara, sun sa ƙarfen bakinta ya riga haƙora taɓawa, don wutar ta bi ta jiki. Amma in an soka ta a karkace, ko ana lalube a bayan akwati ba a gani, ko wayar ta arha ce da ba a haɗa rigarta ta ƙarfe daga wannan kai zuwa wancan ba, sai wutar ta bi ta haƙoran saƙo, waɗanda aka yi su don abin da bai wuce bolt 3.3 ba. A cikin duhu har ɗan tartsatsi ake gani. Akwai 'yan na'urorin kariya a bayan kowace kafa masu shanye irin wannan bugu, suna kuwa shanyewa sau da yawa, shi ya sa mutum zai ce ai na saba yi ba abin da ya faru. Yau da gobe ce ke cin su.

Wanda ya fi wannan muni shi ne gidan wutar allo ya lalace da gaske, wutar bango ta taɓa jikinsa kai tsaye. Da wayar ƙasa, fis ne zai yanke nan take. Ba ita kuwa, wutar za ta bi wayar hoto ta shiga kwamfuta tana neman ƙasa, ta ƙone abin da ta tarar a hanya. A nan kam lalataccen allo ya kashe kati, ba gardama. Amma mai karatu ya lura, a wannan hali katin shi ne ƙaramar asara, domin wutar da ta ƙone shi tana iya kashe yaron da ya dafa akwatin. Saboda haka allon da ke cizo da ƙarfi, ko yake warin ƙuna, ko yake ƙara kamar ana soya abu, kada a gwada shi a kan wata kwamfuta don a ga ko yana aiki. A zare shi daga bango a ajiye.

Haka kuma kuskure ne a jona allo a wutar janareta, kwamfuta kuma a wutar gari ko ta sola, sa'an nan a haɗa su da waya. Duka biyun su sha daga wuri ɗaya. Sabbin allunan da ke zuwa da caja a waje su ma suna da nasu tarko: wani bolt 12 yake sha, wani 19, bakin cajar kuwa yakan yi kama. In aka ba mai 12 cajar 19, allon ne zai fara mutuwa, wani lokaci kuma ya ja kafar kati su tafi tare.

Sai damina. Daga watan Yuni zuwa Satumba hadari yakan taso mana daga gabas da tsawa da walƙiya. Ba sai aradu ta faɗo kan gida ba. In ta faɗi kusa da layin wuta ko kusa da eriya, wuta mai ƙarfin gaske takan bi wayoyi ta shigo ɗaki. Mutane da yawa a gida talabijin suke mayarwa allon kwamfuta. Talabijin ɗin yana haɗe da dikoda, dikoda na haɗe da farantin da ke kan rufi. Hanya ta samu ke nan tun daga kan kwano har cikin katin hoto, ko da kwamfutar ta tafi-da-gidanka ce tana kan batirinta. Kashe makunni ba ya hanawa, don tazarar da ke cikinsa ba ta kai faɗin ƙwayar gero biyu ba, wutar da ta ratso sararin sama kuwa ba wannan ne zai tsai da ita ba. Sitabilaiza ma ba don wannan aka yi ta ba, aikinta daidaita wutar da ke hawa da sauka a hankali. Magani ɗaya ne, da an ga hadari ya haɗo a zare filogi daga bango, a kuma zare wayar faranti.

Hunturu shi ma da nasa. In iska ta bushe, jikin mutum yakan tara wata irin wuta daga gogayyar tufafi, ita ce take ƙara ƙas-ƙas in ka cire rigar sanyi cikin dare a ɗakin kwana. Kafin mutum ya ji cizonta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali wadda ba ta kai haka ba nesa ta isa ta raunata ƙananan kayan cikin kwamfuta. Saboda haka kada a sa yatsa a kan haƙoran waya ko cikin kafa, a fara taɓa ƙarfen akwati tukuna.

Wani abin dariya shi ne, a da can tsoron a juye yake. Zamanin alluna masu ƙusumbi, irin tsohon talabijin mai tulu, kati ne yake iya kashe allo. Wasu daga cikin allunan farko gudu ɗaya kaɗai suka iya, in kati ya tura musu saƙo da saurin da ya fi ƙarfinsu sai kayan cikinsu su yi zafi su ƙone. Allunan yau in an yi musu haka sai kawai su rubuta cewa ba za su iya ba. Masu ƙusumbin nan har yanzu akwai ragowarsu a sito-sito, kuma ina gargaɗin 'yan'uwana masu son kwance-kwance, a cikinsu akwai wuta wajen bolt 25,000, tana kuma iya zama a ciki bayan an zare su daga bango. Kada kowa ya buɗe.

Akwai kuma wata waya da ba a cika tunawa da ita ba, ita ce ta cikin akwati, wadda ke kai wa babban kati wuta daga gidan wuta. Ita kam ƙarfi take ɗauka na gaske. A 2022 da Nvidia ta fito da katinta RTX 4090, mai shan wat 450, an sami rahotannin bakin wayar wutarsa yana narkewa, kamfanin kuma ya ce binciken da ya yi ya nuna galibi ba a tura bakin ya shiga har ƙarshe ba ne. Dalilin a fili yake: wat 450 a kan bolt 12 ya haura amfiya 37, in wuta mai wannan yawa ta matsu ta ɗan wurin da bai zauna daidai ba, dole ya yi zafi. Irin wannan kati ba a ɗakin kwamfutarmu yake ba, amma darasin ya shafi kowane soket mai sako-sako da muke gani ya yi baƙi.

To, yaya za a gane mai laifi kafin a hukunta yaro ko a biya mai gyara? Abin ba ya bukatar kayan aiki, haƙuri kawai yake so. A fara da zare wayar hoto a kunna allo shi kaɗai. Allo mai lafiya zai rubuta cewa bai sami saƙo ba, in ka danna maɓallin jikinsa kuma zai nuna jerin zaɓinsa tsaf. In layukan da ake kuka da su sun fito a nan ma, laifin allo ne, kati bai shiga ba. In allon baƙi ne ƙirin amma 'yar fitilarsa tana kunne, a mai da waya, a haska gilashin da tocilar wayar hannu daga kusa. In an hango hoto dishi-dishi, fitilar baya ce ta mutu, kati yana aikinsa. In allo ya tsallake, a kawo wayar da aka san tana aiki a wata kwamfuta a gwada. Sa'an nan a gwada wani allon. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi maganin ba. Wata dabarar kuma, a sa kwamfuta ta ɗauki hoton fuskarta, a tura hoton a wayar hannu a duba. In ɓarnar ta fito a cikin hoton, daga cikin akwati take. In hoton ya fito garau, a koma kan waya da allo.

Sai an gwada allo biyu da waya biyu, ɓarnar kuma tana fitowa tun daga tambarin farko da kwamfuta ke nunawa in an kunna ta, sa'an nan za a fara zargin kati. Ko a nan ma a duba abu biyu tukuna. A kwamfuta mai kati na daban kafofi iri biyu ne a baya, na babban faifai a sama, na kati a ƙasa, in an soka waya a na sama sau da yawa hoto ba ya zuwa. Na biyu, ƙura a bakin sandunan RAM takan hana hoto fitowa sam, cire su a goge a mayar kaɗai yakan ta da kwamfutar da aka riga aka yi wa ta'aziyya. Ya ku iyayenmu, in mai gyara ya ce kati ya ƙone, ba laifi ba ne ku ce ya gwada a gabanku da wani allo, ku kuma karɓi tsohon kayan da ya cire.

A ganina ma, in za a ƙirga katunan da suka mutu a ƙasarmu, waɗanda allo ko waya suka kashe ba su kama ƙafar waɗanda ƙura da zafi suka kashe ba. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, sai bazara ta zo da zafinta na Afrilu da Mayu ta tarar da kati ba ya samun iska. Ga kuma wuta mai ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, ga janareta da ake tayarwa kwamfutoci na jone. A riƙa hure ƙura kowane zango, a riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa don kada ta yi gudun da ya wuce kima, a kuma bar janareta ya daidaita kafin a kunna kaya. In za a sauya wayar hoto, a kashe allo da kwamfuta, a zare su daga bango, a soka wayar a miƙe ana gani, sa'an nan a mai da wuta.

Roƙon da zan yi wa ƙungiyar iyaye da malamai shi ne, in an tashi yi wa ɗakin kwamfuta hidima, kafin a sayi sabon allo a kira mai aikin wuta wanda ya san aikinsa ya auna wayar ƙasa ta ginin, soket bayan soket, a kuma yanka ɗaya daga cikin wayoyin jona a ƙirga zarenta. Ƙasarmu ta Mashi jigawa ce, yashi kuwa in ya bushe ba ya karɓar wuta sosai, shi ya sa masu aikin sukan zuba gawayi da gishiri a ramin sandar, su kuma kafa ta da zurfi har ta kai ga laima. Sandar da ta yi aiki a watan Agusta tana iya kasawa a watan Maris, don haka da rani ya kamata a yi awon, a kuma sa wani ya riƙa zuba ruwa a gindinta har ruwan sama ya sauka.